Darasi na 9: Koyon Murza Taliya a Birnin Bolonya

Bolonya birni ne a arewacin Italiya wanda ya yi suna wajen taliyar ƙwai da ake murzawa da hannu. Baƙon da ya sauka a garin yana iya shiga ajin koyon girki na yini guda, ko a ƙaramar makaranta ko a gidan wata gwanar murji, kuma yawanci sai an kama gurbi tun kafin ranar, domin ɗalibai kaɗan ake ɗauka.

Abu na farko da ya kamata Musulmi ya yi, tun wajen kama gurbin, shi ne ya tambayi abin da za a dafa. Miyar nama ta Bolonya, wadda suke kira ragù, bisa al'ada ana sa mata naman alade da giya, haka kuma ƙananan ƙunshin taliya da ake kira tortellini da naman alade ake cusa su. Wanda ya yi bayani da wuri yana iya neman a koya masa tortelloni, waɗanda ake cusa wa cuku da ganye, a ci da man shanu. Wannan tambaya ba abin jin nauyi ba ce, kuma ta fi a zauna ana kallon kwano.

Ma'aunin yana da sauƙin riƙewa: ƙwai ɗaya ga kowane giram 100 na fulawa mai laushi. Ana tara fulawar a kan faffaɗan katako, a yi mata rami a tsakiya, a fasa ƙwan a ciki, sannan a riƙa janyo fulawar kaɗan-kaɗan da cokali mai yatsu, a hankali don kada bakin ramin ya ɓalle ƙwan ya malale. Idan ya haɗu sai a murza da tushen tafin hannu na kimanin minti 10, har kwaɓin ya yi santsi, ya zama idan an danna shi da yatsa sai ya taso. Daga nan a rufe shi ya huta na minti 30. Mai gaggawar da ya tsallake wannan hutu zai ga kwaɓin yana komawa baya duk lokacin da ya miƙar da shi.

Wurin shimfiɗawa ne aikin yake. Wadda ta saba yin taliyar Hausa da ɗan injin murɗawa za ta gane kwaɓin nan take, amma a nan doguwar sanda ce, mai tsawon kusan mita ɗaya, take maye gurbin injin. Ana turawa daga tsakiya zuwa gefe, a naɗe faifan a jikin sandar, a ɗan juya shi, a sake warwarewa, har ya yi siririn da za a iya hango inuwar yatsu ta bayansa. Malamar takan shafa da hannunta ta nuna wa ɗalibi inda ya rage kauri, abin da littafi ba zai taɓa nuna masa ba.

Bayan faifan ya ɗan sha iska sai a barbaɗa fulawa, a naɗe shi sako-sako, a yayyanka da wuƙa, a warware zaren. Wannan ita ce tagliatelle, kuma mutanen garin ba sa wasa da faɗinta: a 1972 an ajiye samfurinta na zinariya a Majalisar Kasuwanci ta Bolonya, mai faɗin milimita 8 bayan dahuwa.

Dahuwar ba ta ɗaukar lokaci. Ana tafasa lita ɗaya ta ruwa da giram 10 na gishiri ga kowane giram 100 na taliya, a zuba taliyar, a tsame bayan minti 2 ko 3 tun tana da ɗan ƙarfi a haƙori, a juye ta cikin miya tana da zafinta.

Aiki: Lissafa yawan fulawa da ƙwai da za a buƙata don mutum 6, idan kowa zai ci na ƙwai ɗaya, sannan ka rubuta tambayoyi biyu da za ka yi wa malamar kafin ka biya kuɗin ajin.