Yadda ake kama gidan hutu a kan tsaunin Mambila ba tare da an sha wuya ba

Duk ƙarshen shekara sai ka ga 'yan Kano sun haɗa kuɗi, abokai ne ko mutum da iyalinsa, wai za su kama gida a kan dutse cikin daji su huta, kwana biyu sai ga su sun dawo da mura da mita. Wurin ba shi da laifi, shiri ne ba su yi ba. Zan yi magana a kan Mambila ta jihar Taraba, amma ko Obudu ta Kuros Riba za ka kusan duk ɗaya ne.

Kafin ka tura ko sisi, ka sa mai gidan ya kira ka ta bidiyo ya zagaya da kai ɗaki ɗaki. Hoton Facebook da rana tsaka aka ɗauke shi. Ka ce ya haska maka silin da kusurwar bango, in ka ga baƙi-baƙi to danshi ne, katifar ma haka za ka same ta. Ka tambaye shi ruwan famfo ne ko daga rafi ake ɗebowa, sola ce ko janareta, in janareta ne waye zai sayi mai, sannan mota tana isa har ƙofar gida ko sai an ƙarasa da babur. Rabin kuɗi za ka bayar, sauran sai ka gani da idonka. Wanda ya ƙi wannan ka rabu da shi kawai.

Lokaci kuma Disamba zuwa Fabrairu. Da damina ban ba kowa shawara ba.

Hanya: ko motarka ce ko ta haya daga Unguwa Uku, ka bi ta Gombe ka kwana a Jalingo, kar ka ce za ka yi ta a yini ɗaya. Washegari bayan asuba ka kama hanyar Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan hawan ke farawa, lanƙwasa a kan lanƙwasa har ka fito Maisamari, Nguroje, sai Gembu, babban garin Mambila. Ka cika tanki tun daga ƙasa, ka riƙe tsabar kuɗi don sabis na iya ɗaukewa taransifa ta maƙale. Lissafinka ya zama ka shiga gidan kafin la'asar, saboda in hazo ya sauko fitilar mota ba ta nuna maka komai.

To yanzu ga inda mutanenmu ke faɗuwa, daren farko. Mambila tsayinta ya kai wajen mita 1,600, kuma sanyinta ba irin na hunturun Kano ba ne da ke busar da leɓe, wannan mai laima ne, za ka taɓa bargon gidan ka ji kamar an shanya bai gama bushewa ba. Shi ya sa na ce ka iso da rana: kana sauke kaya ka fitar da katifu da barguna waje su sha rana, ka buɗe tagogi, kafin rana ta yi sanyi ka mayar ka rufe ko'ina. Kuma ka zo da naka bargon, kowa da nasa. Suwaita mai kauri, safa, hular sanyi, ka je gwanjon Ƙofar Wambai ka zaɓo, ba sai ka kashe kuɗi a shago ba don kayan sati ɗaya. Yara a sa musu riga biyu uku a jere, ya fi guda ɗaya ƙatuwa.

Sai maganar gawayi, don Allah a ji ni da kyau. Dare na yi wani zai ce a kawo kasko a hura a shigo da shi ɗaki a rufe ƙofa, ai haka muke yi a gida. Gawayi ko ya yi ja ya daina hayaƙi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum yana barci za ta tafi da shi. A ji ɗumin a baranda, in za a kwanta a kashe a waje. Janareta ma nesa da taga. In gidan yana da murhun bango mai bututu, a fara ƙona 'yar takarda a gani, in hayaƙin ya dawo ɗaki to bututun ya toshe, a haƙura da shi. Wanda ya ce kansa na sara ko jiri na ɗibarsa a fito da shi iska nan take, kar a ce gajiyar hanya ce. Abin da ke aiki shi ne a dafa ruwa a zuba a jarka mai murfi, a naɗe da tawul a tura ƙarƙashin bargo wajen ƙafa. A cika filas ɗaya kuma a ajiye don alwalar asuba, in ba haka ba wallahi za a ga masu makara.

Abinci ka taho da ƙaramin gas ɗinka, shinkafa, taliya, yaji, kilishi. Wake yana daɗewa bai nuna ba a can don ruwa na tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba, ka jiƙa shi tun dare. Ganyen shayi kam kar ka ɗauko, a Kakara nan kan Mambila ake nomansa. Kar a bar kwanon abinci a buɗe ko shara a bakin ƙofa, kwarkwasa za ta yi layi ta shigo, takalmi kuma a kakkaɓe kafin a sa.

Shiga daji irin su Ngel Nyaki sai da ɗan gari mai nuna hanya, ka biya shi, ku dawo kafin yamma. Ranar dawowa ka ɗauki hoton ɗakuna kafin ka miƙa mukulli, ka sallami maigadi. Wajen gangarowa ka sa mota a giya ta ɗaya ko ta biyu, kar ka ɗora ƙafa a birki tun daga sama, in ka ji ƙauri ka samu fili ka tsaya ya huce.