Yadda ake yi wa liman gyaran karatu a sallar jam'i

A masallatan Damagaram, daga Birni har Zango, ba a rasa alarammomi a sahu, musamman lokacin asham da tahajjud. Sai dai gyara yana da ƙa'ida.

Da farko, ka tabbata kuskure ne. Yawancin tsangayunmu da ruwayar Warshu suke karatu, wasu limamai kuma da Hafsu. Wanda ya ce "Maliki yaumiddin" da wanda ya ja ya ce "Maaliki" duk daidai suka karanta. Abin takaici ne a ga mutum ya rikita liman a kan abin da ba kuskure ba.

Na biyu, ka dakata. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a littafin fiƙihu na Ahalari, ba ka buɗe wa liman, wato tuna masa ayar, sai ya tsaya yana jira, ko ya ɓata ma'ana. Sau da yawa da kansa yake komawa ya kamo ayar. Fatiha ce ba a yi mata jinkiri, domin rukuni ce.

Na uku, a bar wa mahaddacin da ke bayan liman. Murya biyar a lokaci guda ruɗani take ƙarawa.

Sannan ka karanto kalmar ko farkon ayar kawai, yadda zai ji, ba da tsawa ba. Da ya kama, ka yi shiru.

Kada ka gyara wa wanda ba limaminka ba, domin yin hakan yana ɓata sallarka. In mantuwar ta raka'a ce ko zama, "Subhanallah" ake cewa.