Yadda ake zuwa Wadi Rum, hamadar da 'yan fim ke mayarwa duniyar Mars

In ka kalli The Martian na 2015, jan yashin nan da manya-manyan duwatsun da kake gani kamar ba a doron ƙasa ba, to kudancin Jordan ne, Wadi Rum. Can aka ɗauki Lawrence of Arabia na 1962, da Dune ma.

Farko dai biza, mai fasfon Najeriya ya nema tun daga gida, kar ya ce sai ya sauka. Daga Amman, babban birnin Jordan, kusan awa huɗu ne a mota, daga Aƙaba kuwa, birnin da ke bakin teku a kudu, awa ɗaya. Ka riƙe dinarinka a hannu tun daga gari, cikin yashi ba a maganar ATM.

A bakin shiga akwai ofishin baƙi, nan za ka biya kuɗin shiga ka wuce ƙauyen Rum, kwalta ta ƙare kenan. Don Allah kar ka ce za ka kutsa da ƙaramar mota, kafewa za ta yi. Larabawan daji mazauna wurin su ne da aikin, suna da a-kori-kura mai benci a baya, kuma ku gama ciniki kafin ka hau, awa nawa, ina da ina, da abinci ko babu, kar sai an yi nisa a fara jayayya.

Ka ce lallai a kai ka Khazali, tsagin dutse ne siriri wanda mutanen zamanin baya suka sassaƙa rubutu da zane a jikinsa, sai gadar dutse ta Um Fruth da ake hawa a yi hoto, hawan da sauƙi amma saukowar ce ke sa gwiwa rawa. Tudun jan yashi kuwa kar ka cire takalmi da rana tsaka.

Ni dai a ganina wanda ya je ya juyo a yini asarar kuɗin mota ya yi. Ka kwana a tanti. Da daddare za su tono zarb, nama da kayan lambu da aka gasa a rami aka binne da yashi, a bi da shayi mai zaƙi, ga taurari birjik kamar ka miƙa hannu.

Ka je tsakanin Maris da Mayu ko Satumba zuwa Nuwamba. Ka tafi da rawani saboda ƙura, da rigar sanyi mai kauri, don in dare ya raba ana sanyi sosai a wurin.