Kafin ka danna maɓallin goge asusu

Cire manhaja daga waya ba ya goge asusu. Mutum zai cire ta ya ɗauka ya rabu da wurin ke nan, alhali sunansa da hotunansa da lambar wayarsa suna nan daram a rumbun kamfanin. Dakatarwa ma daban take da gogewa. A Facebook da Instagram, dakatar da asusu ɓoye shi kawai yake yi, ranar da ka sake shiga komai zai dawo yadda ka bar shi. In hutu kake so, wannan ya wadatar. In kuwa tafiya ce ba dawowa, akwai ayyukan da sai ka gama su kafin ka taɓa maɓallin gogewa.

Fara da kwashe kayanka. Yawancin manyan shafuka suna da wurin neman kwafin bayananka a cikin saiti, Google kuma yana da Google Takeout. Haɗa kwafin yakan ɗauki sa'o'i, wani lokaci kwanaki, kuma mahaɗin saukewar yana mutuwa bayan 'yan kwanaki, na Takeout kusan mako guda. Idan Facebook ya tambaye ka nau'in fayil ɗin da kake so, HTML ko JSON, zaɓi HTML in dai karantawa za ka yi da idonka. Bayan ka sauke, buɗe fayil ɗin ka duba da kyau. Sau da yawa sai an riga an goge ake gano cewa bidiyon bai sauka ba, ko an zaɓi bayanan shekara ɗaya maimakon na tun farko.

Daga nan sai abin da ya fi cin mutane: wuraren da ka shiga ta hanyar wannan asusun. Duk shafin da ka taɓa yin rajista ta danna shiga da Google ko shiga da Facebook, makullinsa yana rataye ne a jikin asusun da kake shirin gogewa. Je sashen tsaro na saiti, za ka ga jerin manhajojin da aka haɗa. Bi su ɗaya bayan ɗaya, ka sa wa kowanne imel da kalmar sirrin kansa, ka fita ka sake shiga don ka tabbatar ya yi, sannan ka tsinke haɗin. Idan asusun imel ne kake gogewa, lamarin ya fi nauyi, domin can ake aiko lambar tabbatarwa da saƙon sauya kalmar sirri. Goge asusun Google yana tafiya da Gmail da Drive da tashar YouTube gaba ɗaya, kuma ba a sake ba kowa wannan adireshin, har kai mai shi.

Duba batun kuɗi. Rajistar wata-wata da aka biya ta Google Play ko App Store ba ta tsayawa don ka goge asusu a manhajar, sai ka shiga shagon ka soke ta da hannunka. Idan kai kaɗai ne admin na wani guruf ko shafi, naɗa wani tukuna. Discord ma, wani dandalin hira, ba ya barin ka goge asusu muddin kana riƙe da mallakar wani zauren hira (server) a cikinsa.

Yanzu rubuce-rubucenka. A nan ne zato yake saɓa wa gaskiya. A dandalin tattaunawa na Reddit, goge asusu yana cire sunanka ne kawai, abin da ka rubuta yana nan kowa yana karantawa, kuma da zarar asusun ya tafi ba ka da hanyar komawa ka cire shi. Saƙonnin da ka aika wa mutane a Messenger ko WhatsApp suna nan a wajensu. Don haka bi tsofaffin rubutunka tun kana da ikon shiga, ka cire duk mai ɗauke da lambar waya, adireshi ko hoton iyali. Sauran kuwa, musamman bayanin da wasu ke amfana da shi, barinsa ya fi, ba sai an yashe komai ba.

Sai gogewar kanta. Za a nemi kalmar sirri, don haka in ka manta ta, sabunta ta kafin nan. Facebook da Instagram da X suna ba da kwana 30 na canza shawara. A X shiga kawai cikin wannan wa'adi yana farfaɗo da asusun, shi ya sa ya kamata ka fita daga kowace waya da kwamfuta, ka kuma share kalmar sirrin da burauza ta adana. Facebook yana iya ɗaukar har kwana 90 kafin ya gama share komai daga rumbunsa. WhatsApp ba shi da wa'adi: kana tabbatarwa za a fitar da kai daga duk guruf, tarihin hirarka ya tafi, har da ajiyar da ke Google Drive.

Wasu ƙananan shafuka ba su da maɓallin ko kaɗan. Tun 2022 Apple ya wajabta wa manhajojin da ake buɗe asusu a cikinsu su sa hanyar gogewa, don haka leƙa manhajar iPhone in shafin ya ɓoye ta. In babu, rubuta wa masu shafin daga imel ɗin da ka yi rajista da shi, ka faɗi sunan asusun, ka nemi a goge shi da bayanansa, a kuma tabbatar maka a rubuce. Dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 2018, ta ba waɗanda ta shafa wannan haƙƙin, kuma wata guda ta ba kamfani ya amsa. Idan aka yi shiru, cire hoto da duk abin da za ka iya cirewa, ka mayar da imel ɗin zuwa wanda ba ka amfani da shi.

Bayan wa'adi ya cika, gwada shiga, ka kuma bincika sunan asusun a Google. In tsohon shafinka yana fitowa alhali an goge shi, Google yana da fom na neman cire sakamakon da ya tsufa. Kwafin da Wayback Machine, rumbun adana tsofaffin shafukan intanet, ya ɗauka kuwa, sai ka rubuta wa masu shi, wato Internet Archive, daban.