Yadda Ake Sassaƙa Baka da Itacen Robiniya

Itacen da Amurkawa ke kira bilak lokas, masana tsirrai kuma suke kira Robinia pseudoacacia, asalinsa daga tsaunukan Afalashiya da yankin Ozak ne a Amurka. Daga can aka kai shi Faransa a farkon shekarun 1600, ya bazu a Turai, har ya zama ɗaya daga manyan itatuwan dazuzzukan Hungari. Mutanen Cheroki, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, sun daɗe suna sassaƙa bakan farauta da shi, masu sana'ar a yau ma suna sa shi a sahun gaba. Amma yana da hali guda da dole ka sani kafin ka ɗauki gatari: yana jure ja ƙwarai, ba ya jure matsi sosai. Idan aka ɗana baka, bayansa, wato gefen da ke kallon abin harbi, miƙewa yake yi, cikinsa kuma da ke kallon maharbi matsewa yake yi. Bayan robiniya da wuya ya ba ka kunya, cikinsa ne ke saurin gajiya. Duk awon da za ka gani a nan an tsara shi ne don a sauƙaƙa wa cikin nan aiki.

Zaɓen itace da tsaga shi

Nemi itace miƙaƙƙe mai kaurin inci 6 zuwa 10, wanda zai ba ka gungume mai tsawon inci 72 babu reshe. Dubi ɓawonsa da kyau. Idan tsagogin ɓawon sun miƙe sama sak, jijiyar itacen ma a miƙe take. Idan suna kewaya jikin itacen, a murɗe take, ka bar shi. Ka kuma duba ko akwai ramuka da garin itace a gindi, domin akwai wani ƙwaro da tsutsarsa ke huda robiniya tun tana tsaye, rami ɗaya kuwa a tsakiyar fiffike, wato ɓangaren baka mai lanƙwasa daga mariƙi zuwa kai, ya isa ya kashe baka. An fi sarewa a lokacin sanyi, sa'ad da ganye ya zube, ruwan itacen ya ja baya. Ƙananan rassansa suna da ƙaya, ɓawonsa da 'ya'yansa kuma guba ne ga dabbobi, musamman dawakai, kada a zubar inda suke kiwo.

Tsaga gungumen ake yi, ba a yanka shi da zarto, saboda tsaga tana bin jijiya, zarto kuwa ratsa ta yake yi. Kafa gatari a bakin gungumen, ka buga da guduma, ka riƙa cusa ƙarafa masu kaifin baki a cikin tsagar har ya rabu biyu, sannan kowane rabi ya sake rabuwa. Kowane tsagi ya kasance da faɗin inci 3 a gefen ɓawo. Kafin ka bar wurin, shafe bakin kowane tsagi, sama da ƙasa, da gam ɗin kafinta ko narkakken kakin zuma. Robiniya tana saurin tsattsagewa daga baki, awa kaɗan a cikin zafin rana ya isa.

Ɓawon da farin itacen da ke ƙarƙashinsa, wanda a robiniya bai cika wuce zoben shekara uku ko huɗu ba, a cire su da wuri, tun suna ɗanye sun fi sauƙin fita, kuma nan ne ƙwari ke fara shiga. Da ka cire, ka shafe bayan gaba ɗaya da gam. Wanda ya manta wannan zai wayi gari ya tarar da bayan ya cika da ƙananan tsagogi.

Bushewa

Tsagi mai kauri yana cin shekara ɗaya zuwa biyu a inuwa, inda iska ke ratsawa. Mai gaggawa yana iya rage shi tun yana ɗanye ya kusa siffar baka, fukafukan su dawo kaurin inci 1, ya ɗaure shi a jikin miƙaƙƙen katako don kada ya murɗe, ya ajiye a ɗaki. Haka zai bushe cikin wata biyu ko uku. Sikeli ne zai gaya maka gaskiya: ka riƙa auna shi, in nauyinsa ya daina raguwa har mako biyu, ya isa. Abin da ake nema shi ne damshin kashi 8 zuwa 10 cikin 100. In ya fi haka, bakan zai lanƙwashe ya ƙi komawa, in kuma ya bushe ƙayau ƙasa da kashi 6, yana iya fashewa a hannunka.

Bin zobe guda

Nan ne rabin aikin yake. Dubi bakin tsagin, za ka ga zobban shekaru. Kowane zobe kashi biyu ne: siririn layi mai ƙananan ramuka, mai garas-garas, wanda itacen ya yi a farkon bazara, sai kuma ɓangare mai tauri da santsi da ya biyo baya. Bayan baka dole ya zama wannan ɓangare mai tauri na zobe guda, tun daga wannan kai har wancan, ba tare da an yanke shi ko'ina ba. Zaɓi zobe a cikin zuciyar itacen, mai launin ruwan ɗorawa da ɗan kore-kore, wanda kaurinsa ya kai kashi ɗaya cikin takwas na inci, kuma layinsa mai ramuka siriri ne.

Kayan aikin su ne wuƙar sassaƙa mai ƙota biyu, wadda ake ja da hannu biyu, da makankarin ƙarfe. Matse tsagin ya tsaya cak, ka sa haske ya riƙa zuwa daga gabanka a karkace, don inuwar kowane zobe ta fito. Ka riƙa cire zobban sama ɗaya bayan ɗaya. Idan wuƙar ta isa layin nan mai ramuka da ke kwance a kan zoben da ka zaɓa, za ka ji sautin ya canja, ya koma ƙaras-ƙaras, hannunka ma zai ji ta yi sauƙi. Daga nan ka ajiye wuƙa, ka ɗauki makankari, ka kankare garin a hankali har itace mai sheƙi ya bayyana.

Inda akwai ido, wato gurbin tsohon reshe, zoben yakan taso ya yi tudu. Kada ka daidaita tudun. Bar ɗan tsibirin itace a kewayensa, ka gama sauran wurin, sannan ka dawo da ƙaramar wuƙa ka bi tudun daga sama zuwa ƙasa ta kowane gefe. In ka huda zoben a fiffike, babu wata dabara, ka sauka zuwa zobe na gaba ka sake daga farko. Zoben da aka yanke nan ne sili zai ɗaga ranar da aka ja bakan sosai.

Awo da zane

Ga maharbin da ke jan tsirkiya inci 28, yana son ƙarfin kilo 20 zuwa 23, yi bakan inci 68. Ja layin tsakiya da fensir a baya, kana bin jijiyar itacen duk inda ta karkata, ko da ta yi maciji. Kada ka buga miƙaƙƙen layi da igiya a kan itacen da ba miƙaƙƙe ba. Mariƙi inci 4 a tsakiya, faɗinsa inci 1 da ɗan ɗori, kaurinsa inci 1 da rabi. Daga kowane gefensa bar inci 2 inda kauri zai riƙa sauka, faɗi yana buɗewa. Fiffike ya fara da faɗin inci 1 da kwata uku zuwa inci 2, ya tafi a haka har rabin tsawonsa, sannan ya tsuke zuwa rabin inci a kai. Kaurin farko ya zama kashi biyar cikin takwas na inci.

Cikin ya zama shimfiɗaɗɗe. Bakan Ingila na itacen yu cikinsa a kumbure yake, amma in ka yi wa robiniya haka, duk matsin zai taru a kan siririn layi ɗaya a tsakiya ya murƙushe shi. Shimfiɗaɗɗen ciki yana raba nauyin a kan faɗin gaba ɗaya. Bakan Cheroki ma shimfiɗaɗɗe ne mai kusurwa huɗu, ba shi da mariƙi mai kauri, yana lanƙwasa har ta inda hannu ke riƙewa, don haka kowane inci na itacen yana ɗaukar rabonsa. Ga mai koyo, a ganina wannan siffar ta fi rangwame.

Rage itacen da ƙaramin gatari ko gizago har kusa da layi, ka ƙarasa da magagari. Goge kaifin gefunan baya su ɗan yi zagaye, domin sili daga kaifin gefe yake fara tashi. Idan tsagin yana da karkata ko murɗa, turara wurin a bakin tukunya, minti 45 ga kowane inci na kauri, ka lanƙwasa shi ya ɗan wuce inda kake so, ka ɗaure, ka bar shi ya kwana.

Daidaita lanƙwasa

Ka riƙe wannan lissafi: in ka ninka faɗi, ƙarfin fiffike ya ninku sau biyu, in ka ninka kauri, ya ninku sau takwas. Kankara kaɗan a ciki tana canja abu da yawa, shi ya sa daga nan makankari ne abokin aikinka, kuma daga ciki kaɗai ake cirewa.

Fara da kafa kan bakan a ƙasa, ka danna mariƙi, ka ga ko fiffiken ya soma motsi. In duka biyun suna ba da inci 3 ko 4, yanka makogin tsirkiya a kowane kai da siririn magagari, a gefuna kawai, a karkace, kada ka ratsa baya. Kafa katako a bango mai gurbin ɗora mariƙi, da igiya da ƙaramar kura, wato 'yar tayar da igiyar za ta bi ta kanta, a ƙasa da sikelin rataya, yadda za ka tsaya nesa ka ja kana kallo. Sa doguwar igiya sako-sako tukuna.

Ƙa'idoji biyu ba a karya su. Kada ka taɓa jan bakan fiye da ƙarfin da kake nema. In kilo 20 kake so, sikeli kada ya wuce 20 ko da tsirkiyar inci 10 kawai ta zo. Na biyu, da ka ga aibi ka daina ja. Aibin iri biyu ne: wuri mai tauri da ya ƙi lanƙwasa, da wuri mai rauni da ya karye kamar gwiwa. Yi wa mai raunin alama da fensir, kada ƙarfe ya sake taɓa shi, ka kankare wuraren da ke gefensa har su karɓi nasu aikin. Bayan kowace kankara 15 ko 20, ja bakan sau 20 zuwa 30 a hankali kafin ka yanke hukunci, domin itace ba ya nuna abin da aka cire masa nan take. Masu koyo da yawa a nan suke rasa ƙarfin bakansu: su kankare, su ga babu canji, su ƙara, sai canjin ya zo gaba ɗaya.

Idan kawunan suna sauka inci 6 zuwa 8 daidai da juna, sa gajeriyar tsirkiya, tazararta da mariƙi inci 3, daga baya ka kai ta inci 6. Duba ko tsirkiyar ta ratsa tsakiyar mariƙi. Daga nan ka riƙa ƙara inci ɗaya-ɗaya. Kowane inci yana ƙara kusan kilo 1, saboda haka in kana kilo 20 a inci 24, da sauran kankara. Fiffiken ƙasa ya ɗan fi na sama tauri, tazararsa da tsirkiya ta gaza ta sama da kashi ɗaya cikin takwas na inci.

Ciwon robiniya shi ne wasu siraran layuka kamar gashi da ke fitowa a ciki, suna ratsa jijiya a karkace. Juya cikin a haske bayan kowane zama ka neme su. Alama ce cewa ƙwayoyin itacen sun murƙushe a wurin, kuma ba sa warkewa. Goge su da samfefa ƙara raunana wurin yake yi. In sun taru wuri ɗaya, wurin ne ke lanƙwasa fiye da kima, sai a rage sauran fiffiken, a haƙura da baka mai ƙarancin ƙarfi. In sun bazu ko'ina, bakan ne ya yi gajarta ko ya yi siriri ga ƙarfin da aka ɗora masa.

Gasa ciki yana taimakawa kafin a kai ga haka. Sa'ad da ja ya kai wajen inci 20, ɗaure bakan a kan katako, cikinsa a sama, ka bi shi da na'urar hura iska mai zafi daga tazarar inci 4, ko ka riƙe shi a kan garwashi marar harshen wuta, har ya yi launin ƙasa-ƙasa, wajen rabin awa ga kowane fiffike. Zafin kada ya zagaya baya. Bar shi kwana uku zuwa mako ya sha damshin iska, sannan ka sake duba lanƙwasar daga farko, domin ƙarfinsa zai ƙaru.

Tsirkiya da gamawa

Mutanen da sun yi tsirkiya da jijiya da fata da hanjin dabba. Yau ana yawan amfani da zaren roba mai suna Dacron B-50, sili 12 zuwa 14 ga wannan ƙarfi, a shafe shi da kaki, tsawonsa ya gaza na bakan da kusan inci 3. Harba kibiya 100 kafin ka shafa komai, ka sake duba lanƙwasa da ciki. Idan ka kwance tsirkiya ka ga kawunan sun zauna inci 1 zuwa 2 a lanƙwashe, wannan ba laifi ba ne. Abin da ya wuce inci 3 yana nuna damshi ko ja fiye da kima.

Goge shi da samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, baya kuwa a taɓa shi sama-sama, ka rufe hanci domin ƙurar tana damun wasu. Murza shi da santsin ƙashi ko kwalba, sannan ka shafa man itacen tung ko kitse da kakin zuma sau biyar ko shida, kowace shafa ta bushe kafin ta gaba. Naɗe mariƙi da fata. Kibiyarsa ta kai giram 28 zuwa 32, domin mai sauƙi da yawa tana bar wa fukafukai girgiza. Kada a saki tsirkiya babu kibiya, kada a ba wanda hannunsa ya fi naka tsawo ya ja, kuma a kwance tsirkiya da an gama harbi, a kwantar da bakan a kan turaku biyu nesa da rana da murhu.