Tagar ɗakin ƙarƙashin ƙasa: kurakuran da ke mai da ɗaki rijiya

A tsakiyar watan Agusta aka kira ni wani gida da ke kan gangare ta wajen Malali a Kaduna. Mai gidan ya yi ɗaki a ƙarƙashin falo, rabinsa binne cikin ƙasa, ya sa an fasa masa taga a lokacin rani. Da na sauka, ruwa ya kai idon sawu, buhunan shinkafa biyu sun jiƙe, katifa tana warin danshi. Ya ce, "Malam, kwalta fa har sau uku aka shafa." Na ce, "Alhaji, ruwan ba ta bango ya shigo ba. Zo ka ga." Muka leƙa ramin da aka haƙa a gaban tagar ta waje, sai ga shi cike fal kamar randa.

Nan ne aka fi tafka kuskure. Duk tagar da ke ƙasa da doron ƙasa dole a yi mata rami a gabanta domin haske da hanyar fita, kuma duk ramin da ka haƙa a Kaduna, damina za ta nemo shi. Ana samun ruwan sama sama da milimita 1,000 a shekara a garin nan, mafi yawansa tsakanin Yuli da Satumba. Birkila zai daɓe ƙasan ramin da siminti, ya shafe shi sumul don ya yi kyau a ido, bai bar wa ruwa hanya ba. Gyaran shi ne a fasa daɓen, a ƙara zurfi, a zuba tsakuwa wankakkiya wajen ƙafa ɗaya, a sa bututu daga ƙasan ramin da zai gangara da ruwan zuwa kwata ko wani wuri da ya fi ramin ƙasa. A bar aƙalla inci 6 tsakanin tsakuwar da bakin taga. In filin bai da gangaren da zai ja ruwa da kansa, sai an sa injin zuƙe ruwa, a kuma tuna cewa daren da ake tsuga ruwan nan shi ne daren da aka fi ɗauke wuta. Kada a haɗa bututun da sokawe na bayan gida. Na taɓa ganin inda aka yi haka, ranar da sokawen ya cika abin da ya dawo cikin ramin ba ya faɗuwa.

Sai kwaltar kanta. Mutane da yawa daga ciki suke shafawa, saboda ya fi sauƙi kuma ba sai an tone ba. Amma ruwa daga waje yake turowa, zai ratsa bulo ya ɗaga kwaltar ta kumbura ta ɓare kamar ɓawon gyaɗa. A waje ake tare shi: a yi filasta, a bari ta bushe, a shafa kwalta ko a liƙa shimfiɗar roba mai hana ruwa, sannan a kare ta da allo ko leda mai kauri kafin a mayar da ƙasa. In ba a kare ba, ɓaraguzan bulo da leburori ke turawa cikin ramin za su yage ta tun ranar farko, ba wanda zai sani sai damina ta yi nisa.

Indararo ma a dube shi. In yana zubar da ruwan kwano kusa da ramin, a juya shi, a kuma cike ƙasar gefen gida ta yi gangare nesa da bango.

Fasa bangon kuwa, kada a bar shi ga yaro da guduma. Bangon ɗakin ƙasa yana ɗauke da ginin sama, ƙasa kuma tana tura shi daga gefe. A kira injiniya ya duba inda ginshiƙai suke, a tokare sama kafin a yanke, a zuba linta da rodi wadda ta hau bango aƙalla inci 6 kowane ɓangare. A riƙa ba kankaren ruwa har mako guda, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da ake buƙata. Irin wannan canji a gini, a fara neman izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna.

Abin da ya fi damuna shi ne girman tagar da ƙarfen da ake garƙame ta da shi. Dalilin wannan taga tun asali shi ne in gobara ta tare matakala, mutum ya samu mafita. A Amurka, inda irin ɗakunan nan suka yi yawa, ƙa'idar gini ta ce buɗin tagar kada ya gaza inci 20 a faɗi da inci 24 a tsayi, bakinta kada ya wuce inci 44 daga daɓen ɗaki, ramin waje ya yi nisan inci 36 daga bango, in ya yi zurfi a sa masa tsani. A nan kuwa sai a sa 'yar taga mai zugewa gefe, wadda rabinta kaɗai ke buɗewa, sannan mai walda ya zo ya liƙe ta da ƙarfe saboda ɓarayi. Tsoron ɓarawo gaskiya ne, ba mai musu. Amma a ce wa mai waldar ya yi ƙarfen da maratayi kamar ƙofa, sakatarsa ta ciki, inda hannun na waje ba zai kai ba. Kwaɗo da makulli ba su dace ba, domin cikin hayaƙi da duhu ba mai tuna inda aka ajiye makulli.

Kafin na bar gidan Alhajin nan na ce ya kira Hajiya ta gwada fita ta tagar. Ta dubi tagar, ta dubi maigidan, ta ce, "Alhaji, ko Ummi ba za ta wuce ta nan ba." Ummi shekararta tara. Da ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba muka dawo da injin yanka bango.