Yadda na gyara sassaƙaƙƙen dutsen da ya tsage a inuwar darbejiya

Dutsen mai siffar tulu ne, a wani lambu a Hotoro, darbejiya da mangwaro sun rufe shi ruf. Bayan ruwan Agusta gansakuka ta lulluɓe shi, ga tsaga daga gindi har wuya, jan ruwa na tsattsafowa daga cikinta. Wannan jan shi ya tona asirin: rodin da aka kafa dutsen a kai ne ya yi tsatsa. Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, shi kuwa dutse ba ya miƙewa, sai ya fashe.

Na jiƙa shi sosai, na goge da buroshin roba da ruwa zalla. Buroshin waya yana barin ɓurɓushin ƙarfe a ramukan dutse, asid kuma cin fuskarsa yake, don Allah a guje su. Aka ɗaga shi, na zare rodin, na sa na ƙarfe mara tsatsa.

Tsagar ban cike ta da siminti ba, don yana riƙe danshi da gishiri a jikin dutse. Gwangwani 1 na farar ƙasa, 3 na yashi tankaɗaɗɗe, na ɗan barbaɗa garin dutsen kansa don launi ya zo ɗaya. Na cusa kaɗan-kaɗan da bakin wuƙa, na rufe da jiƙaƙƙen buhun algarara kwana 7, domin iskar hunturu takan busar da kwaɓi kafin ya kama.

Rassan da ke zuba masa ruwa da kashin tsuntsaye na sare su, gindin kuma na zagaye shi da tsakuwa.